Sida ba iri ɗaya ba ce, ya kamata mu san tamu

Kawuna ya yi shekara 19 yana kai da komo tsakanin ƙauyenmu na Adar da birnin Abijan. Kamar yawancin mazan gidanmu, da an gama ɗaurin damma an cika rumbu sai ya rataya jaka ya tafi biɗa, yana tallar kayan koli a wajajen Ajame, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗowa, wani lokaci ma sai damina biyu ta wuce. A zuwansa na ƙarshe ya dawo a rame, ga tari, ga gudawa da ta ƙi tsayawa. Ni na raka shi Tawa, don ni ne na yi lakwal a gidan, ni ke iya karanta takardun likita. Aka ɗibi jini, aka kira mu ɗaki, aka ce yana ɗauke da ƙwayar sida. Aka ɗora shi a kan magani na kyauta, sha ɗaya da safe, ɗaya da dare.

Wata ya bi wata, jiki bai tashi ba. Duk awon da aka yi, sojojin jininsa, waɗanda likitoci ke kira CD4, sai ƙara raguwa suke. Wata rana ma'aikaciyar da ke ba shi magani ta ajiye biro ta dube shi, ta ce, "Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya, kana shan maganin nan kuwa?" Bai ce mata komai ba. Sai da muka fito, muka zauna a inuwar dogon yaro muna jiran mota, sannan ya ce da ni, "Ɗana, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ko dare ɗaya ban tsallake ba. Da kiran asuba nake sha, da kiran isha'i nake sha." Na ce, "Na sani, Kawu." Amma a zuciyata ban yarda da shi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

An fi shekara a haka kafin mu gamu da wani lokotoro da ya yi masa tambayar da babu wanda ya taɓa yi: ina ka zauna a rayuwarka? Da ya ji Abijan, ya ji yawan shekarun, sai ya sa aka sake awo, wannan karon na bambance irin ƙwayar. Sakamako ya nuna ƙwayar Kawu ita ce ta biyu, wadda takardunmu na Faransanci ke rubuta VIH-2. Ɗaya daga cikin magunguna uku da ke cikin abin da yake sha, nevirapine, ba ya yi wa wannan iri komai, ba don ta koyi bijire masa ba, haka Allah ya halicce ta. Sauran biyun su kaɗai ba su isa su danne ta ba. Aka sauya masa magani, cikin 'yan watanni ya koma gona.

Abin da ya same shi ya koya mini abin da nake son faɗa a nan. Muna cewa "sida" ko "ƙanjamau" kamar abu ɗaya ne a duk duniya, alhali ƙwayar dangi-dangi ce, kuma wadda ke yawo a jinin mutanen Nijar tana da kamanninta da suka bambanta da na Turai da Amurka, inda aka ƙera yawancin kayan awo da magunguna. Ra'ayina shi ne sanin irin ƙwayar da ke yawo a Tawa da Yamai da Maraɗi wani ɓangare ne na jinya kanta, kuma mu ya kamata mu riƙa yin wannan bincike, a ƙasarmu, a kai a kai.

Sai a fara da dalilin da ya sa ƙwayar take da iri da yawa haka. Idan ta shiga jikin mutum, aikinta shi ne ta kwafe rubutun halittarta, mai haruffa kusan 9,700, ta cusa shi cikin sojojin jini, su kuma su riƙa haifo mata 'ya'ya. Mai yi mata kwafin magatakarda ne mai gaggawa, ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta, kuma babu mai gyara a bayansa. Don haka kuskure ke shiga kusan kowane kwafi. A jikin wanda ba ya shan magani kuwa, ana ƙyanƙyasar sababbin ƙwayoyi da yawansu kan kai biliyan 10 a rana ɗaya. Yawancin kurakuran kashe ƙwayar suke, amma wasu suna ba ta sabuwar riga da garkuwar jiki ba ta gane ta, ko su sa magani ya kasa kama ta.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi shafar mu. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutun nan kofi biyu. Idan mutum ɗaya ya kamu da iri biyu dabam, su biyun suka haɗu a cikin sojan jini ɗaya, magatakardan nan yakan fara kwafi daga wannan, ya tsallaka wancan, ya dawo. Abin da zai fito ruwa-biyu ne, kai na wannan, jiki na wancan. Manomin Adar ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san in gonarsa tana maƙwabtaka da ta wanda ya shuka wani irin gero, iska za ta haɗa su, baɗi zangarniyar ba za ta fito sak irin ta bara ba. Ya san shibra, ya san daga ina take fitowa.

Masana sun kasa ƙwayar gida biyu. Gida na farko, VIH-1, asalinsa daga birin da ake kira cimfanzi ne na dazuzzukan kudu maso gabashin Kamaru, kuma bincike ya nuna daga Kinshasa ya fara bazuwa cikin mutane wajajen shekarun 1920, yana bin kogi da layin dogo da ma'aikatan da ke yawon neman abinci. A 1983 aka gano shi a cibiyar Pasteur ta Paris. Gida na biyu, na Kawu, daga wani biri ne dabam na dazuzzukan Afirka ta Yamma, an ware shi a 1986 daga jinin majinyata 'yan Gine-Bisau da Kap-Bar. Shi ya fi tafiyar hawainiya a jiki, bai kai na farko saurin yaɗuwa ba, amma in ya tashi yana kashewa. A cikin gida na farko akwai zuriya huɗu, M da N da O da P. Zuriyar M ce ta cika duniya, ita ma ta rabu rassa: A, B, C, D, F, G, H, J, K, aka ƙara L a 2019. Bambancin da ke tsakanin reshe da reshe a bawon ƙwayar yakan kai kashi 25 zuwa 35 cikin 100. Ruwa-biyun da suka bazu har aka raɗa musu suna da lamba, ana kiran su CRF, sun haura 100.

Reshen B shi ne na Amurka da Turai ta Yamma. A lissafin da aka yi na shekarun 2010 zuwa 2015, kashi 12 ne kawai cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar a duniya suke da shi, yayin da reshen C, na kudancin Afirka da Indiya da Habasha, ya kusa rabi. Amma a kan B ɗin nan aka gina kayan awo na farko, a kansa aka gwada yawancin magunguna na farko, shi ya fi yawa a rumbunan da ake tara rubutun halittar ƙwayar. Mu kuwa kusan ba mu da shi.

Me muke da shi? Wani ɗan ƙasar nan, Farfesa Saidou Mamadou na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da abokan aikinsa na Montpellier a Faransa, sun karanta jinin mutum 110 da aka ɗiba a 1997 da 2000, suka wallafa sakamakon a 2002. Fiye da rabi ruwa-biyun da ake kira CRF02_AG ne, haɗin reshen A da G, wanda aka fara bayyana shi daga Ibadan a Najeriya kuma ya mamaye gaɓar teku daga Kamaru har Senegal. Kusan ɗaya cikin biyar kuma CRF06_cpx ne, wanda ya tattaro A da G da J da K a jiki ɗaya, aka fara ganinsa a jinin mutanen Burkina Faso da Mali. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sun tarar waɗannan biyun su ma sun fara auren juna a ƙasarmu. Daga baya aka raɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan haɗi suna CRF30_0206, kuma daga jinin Nijar aka bayyana shi.

Duk wanda ya san hanyoyinmu ba zai yi mamaki ba. Kwalta ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutse ta zo Ƙonni, inda ƙofar Illela take buɗe wa Sakkwato. Daga nan ta hau Tawa, ta wuce Agadas da Arlit. Manyan motoci na hawowa daga gaɓar teku, samarinmu na sauka Abijan da Legas da Kwatano da Duwala, wasu na haura Libiya da Aljeriya, wasu na rububin zinariya a Jado. Ƙwayar gaɓar teku da ƙwayar Sahel a nan suke gamuwa. Tarihin cin raninmu a rubuce yake cikin haruffan nan 9,700, kuma rubutun bai tsaya a shekarar 2000 ba. Hanyoyi sun sauya tun daga lokacin, wuraren haƙar zinariya sun buɗe, yaƙi ya tarwatsa garuruwa, 'yan gudun hijira sun shigo. Hoton da aka ɗauka a 2000 ba zai nuna maka fuskar yau ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi, kuma masu faɗar ba jahilai ba ne. Za a ce Nijar tana cikin ƙasashen da cutar ta fi ƙaranci: an ga majinyaci na farko a 1987, binciken ƙasa na 2006 ya samu mutum 7 cikin 1,000, na 2012 ya samu 4 cikin 1,000. Za a ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi ta cin yaranmu nesa ba kusa ba. Za a ce ko a fagen sida ɗin ma, babbar matsalar ita ce mutanen da ba su san suna ɗauke da ita ba, da mata masu ciki da ba a auna su, da magani da ke yankewa a ƙauye. Sannan a kawo hujja mafi ƙarfi: tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin dolutegravir a gaba a 2019, majinyata suka koma shan TLD, haɗin magunguna uku da ke ɗauke da shi, sau ɗaya a rana, wanda ke aiki a kan duk rassan VIH-1, ya kuma yi aiki a kan VIH-2. To me ya rage na damuwa da iri?

Na yarda da mafi yawan wannan. Da a ce an ce in zaɓa tsakanin injin karanta halittar ƙwaya da auna kowace mai ciki a jihar Tawa, ba zan yi jinkiri ba, awon masu ciki zan ɗauka. Kuma gaskiya ne da Kawu ya zo a zamanin TLD, da bai sha wahalar da ya sha ba. Amma ban yarda cewa maganar iri ta mutu ba, kuma ga dalilaina.

Magani ɗaya ne daga cikin ƙafafun jinya, awo shi ne ɗayar. Injinan da ke auna yawan ƙwaya a jini, abin da ma'aikatanmu ke kira sharj biral, yawancinsu na VIH-1 ne kawai. Ka sa jinin mai VIH-2 a ciki, inji zai ce bai ga komai ba, a yi wa majinyaci barka, alhali ƙwayar tana nan tana cin sa. Awon da ake yi wa jarirai da ɗigon jinin diddige shi ma haka yake. Ruwan nevirapine da ake ɗiga wa jariri a baki don kare shi daga ƙwayar uwarsa ba ya kare ɗan mai VIH-2, wani magani ake ba shi. Kuma awon gaggawa da ke bambance iri biyun yakan ruɗe, ya nuna mutum yana da duka biyu alhali ɗaya yake da shi. Wannan duk yana faruwa a zamanin TLD. Masu VIH-2 kaɗan ne a cikinmu, na sani. Amma a jihar da kusan kowane gida yake da wanda ya zauna a Kodebuwa, kaɗan ɗin nan iyayen wasu ne.

Ko a cikin VIH-1 an sha ganin kayan aro sun kasa rufe katara. A 1994 aka gano a Faransa cewa wasu kayan awon jini ba sa ganin zuriyar O ta Kamaru, sai da aka sake ƙera su. Injinan farko na auna yawan ƙwaya sun riƙa ƙirga wasu rassan Afirka ƙasa da yadda suke, har aka gyara. An gyara ne domin akwai masu lura da suka kwatanta abin da inji ya faɗa da abin da suke gani a jikin majinyaci. Ƙwayar da ke ci gaba da haɗa kanta da kanta, kamar tamu, dole a ci gaba da gwada kayan awo a kanta. Kamfanin da ya ƙera inji a wata nahiya ba zai zo Madawa ko Keita ya duba mana ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Sai maganar bijire wa magani. Mun riga mun ga wannan sau ɗaya. Nevirapine da efavirenz sun ceci rayuka masu yawa tun da aka fara raba magani kyauta a ƙasar nan a 2004, amma a hankali ƙwayar ta koyi kauce musu, har a ƙasashen Afirka da dama aka tarar fiye da mutum 10 cikin 100 na sababbin majinyata sun zo da ƙwaya mai bijirewa tun kafin su fara sha. Shi ya sa aka koma dolutegravir. Shi ya fi su tauri sosai, amma ba dutse ba ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa an fara ganin bijirewa gare shi a wasu ƙasashe, musamman a wajen waɗanda suka daɗe a kan magani kuma ƙwayar ba ta kwanta musu ba. Abin da ke haifar da wannan shi ne sha a yanke, sha a yanke. Mu kuwa mun san yankewa. Mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe mana iyakoki, kaya suka maƙale a hanya. Mun san ɗan cin rani da ke tafiya da maganin wata uku ya yi wata takwas. Mun san ƙauyukan arewacin Tawa da rashin tsaro ya raba da likita. Kuma yawancin kuɗin maganin daga waje yake zuwa, daga masu ba da tallafi da suka nuna a 2025 cewa suna iya janye hannu dare ɗaya. Karatun halittar ƙwaya guda ɗaya yana ba da amsa biyu a lokaci guda: wane iri ce, kuma wane magani ta fara ƙin ji. In ba ma karantawa, ranar da TLD ya fara gazawa a nan ba za mu sani ba sai mun ga mutane suna ramewa, sannan mu zarge su da rashin shan magani, kamar yadda na zargi Kawu.

Abubuwan da ke tafe ma suna tambayar iri. Allurar nan ta wata biyu-biyu da ake yi a Turai a madadin haɗiyar magani kullum, haɗin cabotegravir da rilpivirine, an gano ta fi saurin gazawa a jikin masu wani ɓangare na reshen A. Allurar kariya ta lenacapavir, sau biyu a shekara, ta ba duniya mamaki a 2024, domin a cikin 'yan matan da aka yi wa ita a gwajin farko babu ko ɗaya da ta kamu. A Afirka ta Kudu da Uganda aka yi wannan gwaji, inda rassan C da A da D suke. Binciken ɗakin awo ya nuna tana aiki a kan sauran rassa, kuma ina fatan ta iso mu da wuri. Amma in ta iso, wa zai riƙa bibiyar yadda take yi da CRF02 da CRF06 da 'ya'yansu? Riga-kafi kuwa, yawan irin nan ne babban abin da ya hana a same shi har yau. Wanda aka gwada a Tailan ya ba da kariya ta kashi 31 cikin 100 a 2009, aka sake masa fasali don reshen C aka kai Afirka ta Kudu, aka dakatar da gwajin a 2020 don bai yi aiki ba. Duk ranar da aka dace, za a ƙera shi ne bisa rubutun da ke cikin rumbu. Wanda bai zuba nasa ba, ba da shi za a yi awon rigar ba.

Abin da nake nema ba gini ba ne mai hawa goma. Ɗigon jini a kan takarda ta musamman, in ya bushe, yana iya bin motar haya kilomita sama da 500 daga Tawa zuwa Yamai ba tare da firiji ba, irin yadda ake yi da na jarirai. Jinin mutum 'yan ɗaruruwa daga jihohi takwas, duk bayan 'yan shekaru, ya isa ya nuna inda aka dosa. Muna da jami'a, muna da CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, da ta riƙe awon korona, kuma annobar korona ta sa ƙasashen Afirka da yawa sun samu injinan karanta halittar ƙwayoyin cuta da matasan da suka iya aiki da su. Tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun haɗa kai a siyasa da tsaro, to su sani ƙwayar ta riga su haɗewa, CRF06 tasu ce su uku. Burkina tana da cibiyar Muraz a Bobo-Julaso mai daɗaɗɗen tarihi a wannan fage. Me zai hana a haɗa aiki, a sayi sinadaran awo tare, a riƙa musayar sakamako? Sai dai kada a manta Najeriya da Kodebuwa da Benin, domin can mutanenmu suke zuwa, kuma ƙwaya ba ta nuna takarda a kan iyaka. Ƙaramin abu kuma da ba ya cin ko dala: a rubuta irin ƙwayar ɓaro-ɓaro a karne, wato ɗan littafin asibiti, na kowane majinyaci, a kuma koya wa ma'aikaci ya riƙa tambayar inda mutum ya zauna.

Akwai abin da nake tsoro a cikin wannan kira nawa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ilimin da ke cewa wannan ƙwaya dangin ta Abijan ce, waccan ta Legas, yana iya zama sanda a hannun masu neman wanda za su ɗora wa laifi. Mun daɗe muna yi ba tare da inji ba. Mun kira ta kabari kusa, mun kira ta cutar 'yan bariki, mun kori zawarawa daga gidajen mazajensu da suka mutu, mun nuna ɗan cin rani da baki. In aka ce gobe ana iya karanta jini a ga dangantakar ƙwayar wane da ta wance, wani zai so ya kai maganar gaban alƙali ko gaban surukai. Ya kamata a sani tun yanzu cewa wannan karatu yana iya nuna ƙwayoyi biyu 'yan uwa ne, amma ba ya iya tabbatar da wa ya ba wa. Watakila akwai na uku a tsakani da ba a auna ba. Abin da ya fi iyawa shi ne wanke wanda aka zalunta. A Bengazi ta Libiya, yara fiye da 400 suka kamu a asibiti, aka kama ma'aikatan jinya 'yan Bulgeriya biyar da wani likita Bafalasɗine, aka yanke musu hukuncin kisa bisa zargin sun sa wa yaran da gangan. A 2006 masana suka karanta ƙwayar yaran, wadda CRF02_AG ce, suka nuna ta fara yaɗuwa a asibitin tun kafin ma'aikatan su iso a 1998. A 2007 aka sake su. Don haka in za a yi aikin nan a ƙasarmu, a cire suna da unguwa daga kowane ɗigon jini, a nemi yardar mai shi, kuma ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar, RENIP+, ta zauna a teburin da ake yanke yadda za a yi amfani da sakamakon. In ba za a iya wannan ba, mutane za su guji awo, mu yi asarar abin da ya fi wanda muke nema.

Akwai kuma abin da wannan ilimi ke gaya wa majinyaci shi kansa, tun kafin gwamnati ta motsa. Na sha jin ma'aurata da duka biyun suke ɗauke da ƙwayar suna cewa tunda abin ya riga ya same mu, babu sauran abin kiyayewa. Ruwa-biyun da na lissafa a sama duk a jikin wanda ya kamu sau biyu aka haife su. Mai ƙwaya yana iya ƙara ɗaukar wata, har da wadda ta riga ta bijire wa maganin da yake sha. Abin farin cikin shi ne wanda ke shan magani kullum har ƙwayar ta kwanta, inji ya daina ganinta, ba ya ba abokin kwanciyarsa. Magatakardan nan mai kuskure ba ya rubutu in an ɗaure masa hannu. Saboda haka miji ya tsaya wa maganin matarsa, mata ta tsaya wa na mijinta, kowa yana kare kansa ne.

Kawu yana nan da ransa, ya tsufa, ya bar tafiya biɗa, jikokinsa ke yi masa noma. Lokotoron nan ya zagaye masa lambar 2 da jan biro a shafin farko na karnensa, kuma duk da bai iya karatun boko ba, ya riƙe wannan alama. Bara ya je ɗaurin aure wani gari, maganinsa ya kusa ƙarewa, ya shiga likitar can. Yarinyar da ke aiki ta ga an daɗe ba a auna masa yawan ƙwaya ba, ta ɗauko takarda za ta tura jininsa injin da suke da shi. Ya buɗe karnen ya ɗora yatsa a kan jan zagayen, ya ce, "Ɗiyata, duba nan tukuna. An ce injinku ba ya ganin irin tawa." Ta duba, ta ce, "Gaskiyarka, Baba," ta ajiye takardar, ta ɗauko waya ta kira Yamai tana tambayar inda ake kai irin wannan jini.